Kitse, Bota da Man Shanu: Wanne Za Ka Saya In Kana Ƙasar Waje?

   

Yau na san sai an yi mini tsiya a wurin sharhi. Wani zai ce, "Malam, ga matsalar tsaro, ga tsadar rayuwa, ga matasa ba aikin yi, kai ka rasa abin da za ka ɗauko sai maganar kitse?" E, kitse. Ku dai yi haƙuri ku bi ni zuwa ƙarshe, in ban kai ku inda kuke so ba sai ku rama.

Abin da ya jawo maganar, wata 'yar'uwa ce ta turo mana saƙo daga Jamus. Aure ne ya kai ta, watanta biyar ke nan. Ta ce tana so ta yi gireba da mit-fai na Sallah, ta shiga kanti ta tarar da mai kala-kala jere a firij, duk an rubuta da Jamusanci. Ta tsaya kusan rabin awa tana juya su, ƙarshe ta fito hannu rabbana. Tambayarta ita ce: wanne ne halal, kuma wanne ne zai yi mata aikin da Simas yake yi mata a gida? Da na karanta sai da na yi dariya, ba don ita ba wallahi, don kaina. Nawa ya fi nata muni.

Shekarar da na je Manchesta karatun digiri na biyu, Babbar Sallah ta same ni a can. Kun san a Ingila ba ka isa ka kayar da rago a ƙofar gida ba, yankan layya sai a mayanka mai lasisi. Kuɗi za ka ba mahauci, bayan kwana ɗaya ko biyu a miƙo maka nama a leda, an gyare shi tas. Babu suyar tsakar gida, babu ƙamshin nan da ke cika unguwa, babu kakiden da ake juyewa a kwano a ajiye ana miya da shi har wata da watanni. Mu ɗaliban Arewa muka ce to, mu haɗu mu yi 'yar walima, kowa ya kawo abin da ya iya. Ni da ban taɓa kwaɓa fulawa ba a rayuwata, na buɗe baki na ce ni zan yi mit-fai. Dalilina kawai, na sha ganin Umma da ƙanwata suna yi.

Na shiga babban kanti, na nufi wurin bota. Na duba farashi, na ce a'a, wannan ai sai 'ya'yan gwamna. Can gefe sai ga wani dunƙule fari sol, an naɗe shi kamar bota, kuɗinsa bai kai rabin nata ba. An rubuta Lard a jiki. Na ce alhamdulillahi, ga botar talakawa. Na ɗauki biyu. Sai da na koma ɗaki, na ɗauko wuƙa zan yanka, Allah Ya taimake ni na juya bayan takardar. Kitsen alade ne, ɗari bisa ɗari. Jama'a, ni ne fa mai taƙama da Turanci, mai rubuta wa mutane takardar neman aiki. Hausawa na cewa ana yi wa rogo kallon kitse, to ni alade na yi wa kallon bota. Da ban juya takardar nan ba, da na ciyar da mutum wajen ashirin alade ranar Sallah, suna ci suna sa mini albarka.

Na kira Umma jikina a sanyaye. Ta gama salati, sannan ta ce, "Kai ɗan nan, ƙasar da shanunsu suka fi namu ƙiba ka rasa kitse? Babu mahauta Musulmi a garin?" Na ce akwai, Umma. Ta ce, "To je ka ce su ba ka na ƙoda. Na ƙoda fa, ban da na jikin tsoka."

Washegari na tafi Rusholme, kan titin Wilmslow, inda shagunan 'yan Pakistan da Larabawa da Kurdawa suke. Mahaucin dattijo ne, 'yan unguwa duk Caca suke ce masa, wato baffa a yarensu. Ni dai bakina ya kasa kiran dattijo da caca, sai na ce masa Alhaji. Na yi masa bayani, ya shiga ciki ya fito da kitsen ƙodar saniya ya kusa kilo guda, fari, busasshe, yana ɓantarewa kamar kyandir. Na ce nawa? Ya ce in sayi nama kawai, wannan kyauta ne, da ma zubarwa za su yi.

Kada ku ɗauka an gama. Da daddare na zuba kitsen a tukunya na ƙure wuta, don ina sauri. Minti goma ba a yi ba hayaƙi ya turnuƙe kicin, ƙararrawar gobara ta ɗauka, duk mutanen benen suka fito waje cikin yayyafi, wasu da kayan barci. Na tsaya a cikinsu ina warin kitse, ina taya su tambayar wa ya jawo mana wannan.

To daga wannan rana na ce sai na fahimci abin nan. Kuma abin da na gano, shi nake so 'yar'uwarmu ta Jamus da duk mai saurare ya riƙe: in ka je ƙasar waje, daina neman sunan man da ka saba da shi. Ka tambayi kanka abu biyu. Daga jikin me aka samo wannan man? Wane aiki nake so ya yi mini a cikin kwaɓin? In ka amsa waɗannan, ba za ka ci haram da kuɗinka ba, kuma abincinka ba zai lalace ba.

Mu fara da ta farko, daga ina man ya fito.

Abin da Turawan Ingila suke kira suet, shi ne dai kitsen ƙoda da Umma ta aike ni nema, na saniya ko na tunkiya, ɗanye ba a narka ba. In an narka shi an tace, sai su ce tallow ko dripping, wato kakidenmu ke nan. Lard kuwa na alade ne, ko da yaushe. Butter daga madara ake yin ta. Ghee na Indiyawa, wanda Larabawa ke ce wa samin, shi ne soyayyen man shanunmu.

Sannan ga wani abu da yawancinmu ba mu lura da shi ba. Abin da muke kira bota a gida, irin su Blue Band da Simas, ba bota ba ce ta asali, majarin ne, man tsirrai ne aka daskarar. Shi ya sa za ka ga yarinya ta ƙware a kek a Kano, ta zo Turai ta sayi bota mai tsada, kek ɗin ya fito daban, ta ɗauka hannunta ne ya lalace. Hannunki lafiya lau, man ne ya canza.

Shi kansa majarin ɗin, asalinsa madadi ne. A shekarar 1869 wani Bafaranshe masanin sinadarai, Hippolyte Mège-Mouriès, ya ƙirƙiro shi bayan Sarki Napoleon na Uku ya sa gasar a samo abin da zai maye gurbin bota mai araha saboda sojoji da talakawa. Kun san da me ya haɗa shi? Da kitsen saniya. Daga baya ne aka koma man tsirrai. Haka a garin da na zauna, Manchesta, a 1893 wani Bafaranshen mai suna Gabriel Hugon ya ga matarsa na fama da yankan kitse a kicin, sai ya kafa masana'antar da ke yayyanka kitse ƙanana a zuba a kwali. Sunan kayan Atora, har yau yana nan a kantunan Ingila. Abin da mahauci ya ba ni kyauta, shi wani ya sa a kwali ya yi shekara sama da 130 ana sayarwa. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Yanzu tambaya ta biyu, aikin da mai yake yi.

Idan fulawa ta haɗu da ruwa aka murza, akwai wani sinadari a cikinta, gulutin, da yake yin danƙo. Danƙon nan shi ake so a burodi da gurasa. Amma a mit-fai da gireba da biskit ba a son sa, so ake abu ya yi garas-garas ya narke a baki. Aikin mai shi ne ya lulluɓe garin fulawar ya hana ruwa isa gare shi, sai danƙon ya ragu. Shi ya sa ake fara murza fulawa da mai kafin a zuba ruwa.

Bambancin mai da mai kuma yana wuri biyu: zafin da yake narkewa, da yawan ruwan da ke cikinsa. Man kwakwa yana narkewa a wajen digiri 24 na ma'aunin Salshiyas. Bota tana narkewa tsakanin 32 da 35, wato zafin hannunka ma ya ishe ta. Kitsen ƙoda kuwa sai ya kai 45 zuwa 50. To me wannan yake nufi a cikin obin? Kafin kitsen ya narke, kwaɓin ya riga ya fara ƙamewa. Idan ya narke sai ya bar 'yan ƙananan ramuka a inda yake, abin ya fito sakayau ba nauyi. Wannan ne sirrin da ya sa Turawan Ingila suke son sa a fudin ɗinsu na Kirsimeti, da curin kwaɓin da suke jefawa cikin farfesu, kamar ɗanwakenmu amma manya.

Wajen ruwa kuma, bota kashi 80 zuwa 82 cikin ɗari ne mai, sauran yawanci ruwa ne. Soyayyen man shanu kusan duka mai ne, don an ƙone ruwan. Majarin na roba mai laushi, wanda ake shafa wa burodi, wani rabinsa ma ruwa ne. Ka zuba shi a kwaɓin mit-fai, ka samu abu kamar fatar ganga.

In kun gane wannan, sauran lissafi ne kawai. Bari in bi su ɗaya bayan ɗaya.

Mit-fai da duk abin da ake son ɓawonsa ya yi garas: ana son mai daskararre, mai sanyi. Ƙa'idar da masu gashi suka daɗe a kai ita ce rabi, wato fulawa giram 200, mai giram 100. In kin samu majarin na dunƙule wanda aka naɗe a takarda, irin Stork a Ingila, shi ya fi kusa da Simas. In bota ce, ki sa ta a firiza ta yi tauri, ki goge ta da magogi a kan fulawar, ki haɗa da yatsu da sauri kafin ta narke, ruwan kwaɓin ma mai sanyi. Akwai kuma farin man tsirrai daskararre, Trex a Ingila, Crisco a Amurka, wanda aka fara sayarwa tun 1911. Shi babu ruwa a cikinsa, don haka ki rage kashi ɗaya cikin biyar: inda za ki sa bota giram 100, ki sa 80.

In kuma kitsen ne kika samu, ki cire yanar da ke jikinsa da jijiyoyin, ki daskarar a firiza, ki goge, ki barbaɗa masa fulawa kaɗan don kada ya cure. Ni nakan haɗa rabi kitse rabi bota, kitse ya ba da garas, bota ta ba da ƙamshi. Shawara ɗaya: ki nemi na saniya. Na rago yana da ƙarni, kuma da abin ya huce sai ki ji ya daskare miki a baki. Ya dace da abin da ke da nama da yaji a ciki, amma kada ki kai shi kusa da kayan zaƙi.

Gireba kuwa akasin haka take. Ba ta son ruwa ko kaɗan, shi ya sa iyayenmu suke yin ta da man gyaɗa ko man shanu. In kika sa bota kai tsaye, ruwan cikinta zai tayar da danƙo, girebar ta yi tauri. Man gyaɗa yana da tsada a Turai, amma duk wani mai na ruwa marar ƙamshi zai yi, kamar na sanfulawa. In kina son ta Sallah ta gaske, ki yi da man shanu.

Man shanun ma ba sai kin saya ba. Ki sayi bota marar gishiri, ki ɗora a wuta ƙasa-ƙasa. Za ta narke, ta yi kumfa, ta yi ta ƙara kamar ana yayyafi a kan kwano. Bayan minti 15 zuwa 20 ƙarar za ta lafa, gutsattsarin madarar su kwanta a ƙasa su yi ja. Ki sauke ki tace. Giram 250 na bota zai ba ki wajen giram 200. In na miya ne ko na tuwo, ki jefa albasa kamar yadda ake yi a gida. In na gireba ne, ban da albasa, don Allah. Kuma ga wani sirri: man shanunmu na Fulani daga nonon da ya yi tsami ake kaɗe shi, daga nan ƙamshinsa yake. Botar da aka yi da kirim mai ɗan tsami, irin ta Faransa ko Lurpak ta Denmak, ita ta fi ba da ƙamshi kusa da na gida.

Kakide kuma, ku koya daga kuskurena. A yanka kitsen ƙanana, a zuba ruwa kamar rabin kofi a gindin tukunya, wuta can ƙasa, a buɗe taga. Awa ɗaya zuwa biyu yana tsatsafowa a hankali har ruwan ya ƙone, guntayen su soyu. A tace da kyalle mai tsabta, a zuba a kwalba busasshiya. Yana yin makonni a firij, watanni a firiza. Ba a yi masa gaggawa.

To mu koma kan halal, don nan ne abin ya fi nauyi.

'Yar'uwa ta Jamus, ki buɗe kunne. Kalmar Schmalz ita ce tarkon. Butterschmalz man shanu ne, ki saya hankali kwance. Schweineschmalz na alade ne. Akwai kuma Gänseschmalz, na dinya, wanda za ki ɗauka tsuntsu ne ba matsala, alhali sau da yawa ana haɗa shi da na alade don ya yi tauri. Kitsen saniya kuwa, ki je wurin mahautan Turkawa, suna ko'ina a Jamus. 'Yan'uwanmu na Nijar da Kamaru da Chadi da ke Faransa da Beljiyam, kalmar da za ku guje wa ita ce saindoux. A Sifen, manteca de cerdo. A Italiya, strutto. Na Amurka, ku riƙa tambaya kafin ku ci waken Meziko da ake damawa da burodinsu na faifai, don a gargajiyance da man alade ake yi. Kuma in kun ga suet a wurin kayan lambu an haɗa shi da tsaba, wannan abincin tsuntsaye ne, ba na mutane ba.

Ɗalibanmu na Indiya, ku naku da sauƙi: doka ta sa a buga alama a jikin kayan abinci, ɗigo kore a cikin murabba'i yana nufin babu nama ko kitsen dabba. Na Malesiya, ku nemi tambarin JAKIM. A Ingila akwai HMC da HFA masu ba da shaidar halal, kuma duk abin da aka rubuta ya dace da marasa cin nama, to babu kitsen dabba a ciki. Sai dai ku duba giya, don wasu kayan zaƙin Kirsimeti ana zuba musu. Akwai kuma lambar E471 da za ku riƙa gani a burodi da majarin da biskit. Ana iya yin ta daga man tsirrai, ana iya yi daga kitsen dabba, kuma lambar kaɗai ba ta gaya maka wanne ne. In ba ka ga tambarin halal ko na marasa cin nama ba, ka aika wa kamfanin saƙo ka tambaya. Suna amsawa. Matambayi ba ya ɓata.

Saura kitsen saniya na kwali, irin Atora. Ba alade ba ne, amma kuma ba yankan Musulmi ba ne. Nan malamai sun yi magana mai tsawo a kan yankan ma'abota littafi da yadda mayankun zamani suke aiki. Ni ba malami ba ne, kowa ya tambayi malamin da ya amince da shi. Abin da zan ce kawai, kamfanin yana da na tsirrai a kwali daban, kuma ga mahauci Musulmi a bayan layi. Ni ban ga abin da zai kai ni inda ake saɓani ba.

Wanda yake ganin duk wannan ƙaramin abu ne, ya tuna 1857. Cikin abubuwan da suka kunna boren sojojin Indiya a kan Turawan Ingila, akwai labarin da ya bazu cewa an shafa wa harsasan sabuwar bindiga kitsen saniya da na alade, ga shi kuma sai soja ya ciji takardar harsashin da haƙori kafin ya ɗura. Hindu ya ce an taɓa addininsa, Musulmi ya ce an taɓa nasa. Ko kwanan nan a 2016, da Babban Bankin Ingila ya amsa cewa akwai ɓurɓushin kitsen dabba a sabuwar takardar fam biyar, sama da mutum dubu ɗari suka sa hannu a takardar koke. Mutane ba sa wasa da abin da ke shiga jikinsu.

Abu biyu a gurguje. Na ɗaya, kada ka ce a ƙullo maka man shanu ko kakide daga gida a jaka. Dokar Birtaniya ta hana matafiyi shigo da nama da kayan madara daga ƙasashe irin namu, haka ma Tarayyar Turai. Za a ƙwace a filin jirgi, wataƙila har da tara, ka jawo wa wanda ya ɗauko maka wulaƙanci a banza. Umma ta so ta aiko mini, na ce ta bari, in na dawo na sha. Na biyu, lafiya. Kitse da bota da man shanu duk masu daskarewa ne, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce irin wannan mai kada ya wuce kashi 10 cikin ɗari na ƙarfin abincin da mutum yake ci a rana. Abin Sallah ne da marmari, ba na kullum ba, musamman ga mai hawan jini ko ciwon zuciya a dangi.

Yanzu ga inda na ce zan kai ku.

Tunda na koyi juya bayan kwali, sai na fara ganin wani abu. Na ɗauki cakulan, na ga an rubuta shea a cikin kayan haɗi. Na ɗauki wata botar tsirrai mai tsada, na sake ganin shea. Jama'a, man kaɗe ne fa. Kaɗanyar nan da matan ƙauye a Neja da Kwara da Kebbi suke fita tsinta da asuba cikin damina, ga macizai ga rashin tsaro. Tun shekarar 2000 dokar Tarayyar Turai ta yarda a sa wasu mayukan tsirrai har kashi 5 cikin ɗari a cakulan a madadin man koko, kuma man kaɗe yana cikin guda shida da aka lissafa. Me ya sa? Dalilin da muka gama bayani: yana daskarewa a ɗaki, yana narkewa a baki. Turawa ma madadi suke nema, kuma a dajinmu suka same shi.

A watan Agustan 2025 gwamnatin Najeriya ta dakatar da fitar da ɗanyen ƙwallon kaɗanya na wata shida. A wurin sanarwar, Mataimakin Shugaban Ƙasa Kashim Shettima ya ce Najeriya ce ke samar da kusan kashi 40 cikin ɗari na kaɗanyar duniya, amma rabonta a kasuwar bai wuce kashi 1 ba. Ana iya yin muhawara a kan ko dakatarwar ce mafita, don in babu masana'antun da za su saya a gida, matar da ta tsinto ce farashi zai fara karyewa a kanta. Amma lissafin kansa abin kunya ne. Mu ke da bishiyar, mu ke da matan da suka san yadda ake fitar da man tun kaka da kakanni, wani ke da kwalin da tambarin.

Kuma laifin ba na gwamnati kaɗai ba ne, har da mu 'yan boko. Ni na yi digiri ban san bambancin kitsen ƙoda da na tsoka ba. Umma ba ta taɓa jin kalmar gulutin ba, amma ta san wane kitse ne zai yi, ta san gireba ba ta son ruwa, ta san wutar da ake narka kakide. Abin da ta rasa shi ne ma'auni da rubutu da kwali, mu kuma aka kai mu makaranta don mu koyo su, sai muka dawo muna raina kicin ɗin. Kai da ka karanta kimiyyar abinci ko kemistiri kana zaune kana jiran aikin gwamnati, a garinku mahauta nawa ne suke rasa yadda za su yi da kitse? Mata nawa ne suke sayar da man kaɗe a ƙwarya, ba tacewa ba awo? Masu gidan burodi da masu kek na unguwarku, nawa suke kashewa a kan majarin duk wata?

Don haka ga aikin gida na wannan makon, maza da mata, na gida da na waje. Ka kira mahaifiyarka ko kakarka ko gwaggonka, ka tambaye ta abu ɗaya da take yi da mai ko kitse, gireba ce, alkaki ne, dubulan ne, man shanu ne. In ta ce "ɗan daidai" ko "yadda ido ya gani", ka sa a auna, ka rubuta da giram ko da gwangwani. Ku ajiye mana a wurin sharhi, mu tattara. Na waje kuma, ku faɗa mana ƙasar da kuke da sunan da ake kiran man alade a can, don na bayanku kada su yi irin tawa.

Mit-fai ɗin nawa kuwa, an ci. Gefe ɗaya ya ƙone, wasu sun fashe, amma ko ɗaya bai rage ba, kuma halal ne.

'Yar'uwa ta Jamus, Allah Ya ba da zaman lafiya, Ya sa girebar ta yi kyau, a turo mana hoto. Sauran jama'a, wanda ya amfana ya tura wa wani. Sai mun haɗu a shiri na gaba in Allah Ya kai mu. Wassalamu alaikum warahmatullah.